Hasken leza ko saitin dare: wanne ya fi dacewa da ƙaramar bindigar kare kai?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da iyayena da yayyena na wannan zaure, musamman waɗanda suka riga mu ɗaura ɗamara. Ni jami'in tsaro ne a nan Sakkwato, kuma cikin kayan aikin da hukuma ta damƙa mini akwai ƙaramar bindiga, wadda amfaninta a wurina shi ne kare raina da na wanda aka ba ni amanar rakiyarsa idan abu ya zo gab da gab. Yawancin aikinmu tsakanin magariba da asuba yake faɗowa, wani lokaci a cikin gari, wani lokaci kuma a hanyar gabas, wajen Wurno da Goronyo, inda kowa ya san halin da ake ciki.

Damuwata ita ce saitin da ke kan bindigar, na gaba da na baya, wato 'yan ƙarafan da ake daidaita ido da su wajen auna abu, baƙin ƙarfe ne zalla, kuma da zarar rana ta faɗi ba na iya bambance shi da duhun da ke gabana. Shugaban sashenmu ya nemi mu rubuta masa ra'ayinmu kafin ya kai buƙata sama, kuma abubuwa biyu ake magana a kansu. Akwai na'urar leza da ake ɗaurawa a ƙarƙashin bakin bindiga ko a jikin mariƙinta, wadda ke jefa ɗigon haske ja ko kore a kan abin da aka auna. Akwai kuma saitin dare, wato a cire na ƙarfen a sa wani mai ɗigo da ke ƙyalli da kansa cikin duhu. An riga an shaida mana cewa kuɗin ba zai ishi duka biyun ba.

Abokan aikina matasa sun karkata ga leza, domin a ganinsu inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai sauka, amma ni zuciyata ba ta kwanta ba. Ina roƙon masana su faɗa mini wanne ne zai jure zafin Sakkwato da ƙurarta, wanne ne ya fi dacewa da mutumin da ba kullum yake samun zuwa filin koyon harbi ba, sannan ko abin da ke sa saitin dare ƙyalli yana da illa ga lafiyar mai ɗauke da shi a ƙugu dare da rana.

Baba Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya tsare ku a kan wannan aiki. Na daɗe ina koyar da harbi kafin in ajiye aiki, kuma zan fara da abin da ba ka tambaya ba, domin shi ne ya fi nauyi.

Duhu yana hana mai bindiga ganin abu biyu: saitinsa da kuma mutumin da ke tsaye gabansa. Leza da saitin dare duka matsalar farko kawai suke warwarewa. Ɗigon leza zai zauna a ƙirjin ɗan fashi daidai yadda zai zauna a ƙirjin maƙwabcin da ya ji motsi ya leƙo, ko almajirin da ya tashi daga barci a zaure, kuma ba zai nuna maka abin da ke hannun ɗayansu ba. Saboda haka, idan ni ne zan rubuta wannan takarda, layin farko zai kasance tocila mai ƙarfi ga kowane jami'i, kuma wadda ake riƙewa a hannu, domin wanda tocilarsa ke manne da bindiga dole ne ya nuna bakin bindiga ga duk abin da yake son dubawa, ko da kuwa mace ce ta fito da yaro a goye.

Za ka kuma lura cewa idan ka haska tocila a kan abin da ka auna, saitin ƙarfen nan naka baƙi zai fito sarai, saboda bayansa ya yi haske. To, ina amfanin saitin dare ke nan? Amfaninsa yana cikin yanayin da bai kai duhu ƙirin ba kuma bai kai haske ba: bayan magariba kafin isha, ko a layin da ƙwan lantarki ɗaya na ƙofar shago ke haska tsakiyar hanya kai kuma kana tsaye a inuwar katanga, ko lokacin da fitilar mota ta haska mutum har ka gane shi ka ga makaminsa, alhali hannunka da bindigarka suna cikin duhu. Duk wanda ya yi sintiri a Runjin Sambo ko Arkilla a daren da aka ɗauke wuta ya san cewa mafi yawan darenmu haka yake, haske nan, duhu can.

Tsakanin biyun da ka ambata, ni saitin dare zan zaɓa, kuma ba na shakka a kan haka. Ba ya da batir, ba ya da makunni, ba ya sauya siffar bindiga, don haka kuben da kake da shi zai ci gaba da ɗaukarta. Abin da ya fi mini muhimmanci kuma shi ne bai ƙara maka wani sabon darasi ba, yadda ka koyi daidaita saitin gaba a tsakiyar na baya da rana, haka za ka yi da dare. Leza kuwa sabon horo take buƙata. Na ga masu koyo da yawa waɗanda, da zarar an ba su ita, sai su daina ɗaga bindiga zuwa ido, su tsaya suna kaɗa hannu suna neman inda ɗigon ya faɗa, kuma idan ɗigon ya wuce ta gefen mutum ya tafi sarari babu bango a baya, to ba abin da za su gani. Lokacin da aka ɓata wajen wannan nema ya ishi mai adda ya iso. Da rana kuma, a ƙarƙashin ranar Sakkwato, jan ɗigo yakan ɓace bayan 'yan taku kaɗan. Tun da ka ce da kanka zuwanku filin harbi ba ya da yawa, kada ku ɗauko kayan da zai nemi ƙarin horo kafin ya yi amfani, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Ɗan'uwa, ni ban taɓa aikin ɗamara ba, kimiyya nake koyarwa, don haka zan tsaya ga tambayarka ta lafiya da ta zafi da ƙura.

Abin da ke cikin saitin dare na ainihi sunansa tiritiyam, wani nau'i ne na iskar haidirojin da ke fitar da ƙwayoyin lantarki marasa ƙarfi yayin da yake rikiɗa. Ana ɗura shi a ɗan mitsitsin bututun gilashi da aka shafa wa wani gari daga ciki, kuma garin ne ke ƙyalli idan waɗannan ƙwayoyi suka buge shi. Rauninsu ya kai cewa ba su iya ratsa gilashin, ba su kuma iya ratsa fatar mutum, saboda haka ɗaukar bindigar a ƙugu ba zai cutar da kai ba. Ko bututun ya fashe, iskar da ke ciki kaɗan ce ƙwarai kuma watsewa take yi, abin da ake so kawai shi ne a buɗe taga, kada mutum ya kai hanci kusa.

Tiritiyam yana rasa rabin ƙarfinsa a cikin shekara 12.3, kuma zafi ko sanyi ba su ƙara wannan sauri ba su rage shi, don haka bazararmu da ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu ba ruwanta da shi. Sai dai lissafin yana farawa ne daga ranar da aka ƙera saitin, ba daga ranar da aka saye shi ba. Idan ɗan kwangila ya kawo wanda ya shekara shida a shago, kusan kashi uku cikin goma na haskensa ya riga ya tafi. Ku sa a takardarku cewa dole a bayyana shekarar ƙira. Kamfanonin da aka sani da wannan sana'a sun haɗa da Trijicon na Amurka da Meprolight na Isra'ila, kuma kore ne launin da ya fi fitowa a duhu. Ku yi hattara da na jabu, wanda fenti ne kawai mai shan haske ya riƙe shi na ɗan lokaci. Gwajinsa ba wuya: a kulle saitin a akwati tun da yamma, a buɗe shi cikin ɗaki mai duhu kafin asuba. Na ainihi za a same shi yana ƙyalli kamar yadda aka bar shi, na fenti kuwa ya dushe.

Game da leza, launin haske ana auna shi ne da tsawon zangonsa, a ma'aunin da ake kira nanomita: ja tana wajen 635 zuwa 650, kore kuma wajen 515 zuwa 532, kuma idon ɗan Adam da rana ya fi kama haske a wajen 555, wato kusa da na kore. Shi ya sa kore take fi fitowa ko da ƙarfinsu ɗaya ne, wanda a irin da ake sayar wa jama'a ba ya wuce miliwat 5, wato ma'aunin ƙarfin hasken. Amma kore ta fi cin batir kuma ta fi tsada, batir kuwa zafi yana rage masa kwana, musamman idan ana barin kaya a cikin mota a rufe da tsakar rana. Ƙura ita ce babbar matsalar. A iska mai tsabta ba a ganin layin hasken, ɗigon kawai ake gani, amma a lokacin hunturu da hazo ya cika sararin Sakkwato, ƙwayoyin ƙura suna watsa hasken, sai layin ya bayyana tun daga abin da aka auna har zuwa hannun mai riƙe da bindigar. Ƙaramin gilashin da hasken ke fita ta cikinsa ma yana tara ƙura da hayaƙin harsashi, ɗigon ya bazu ya yi rauni idan ba ana gogewa ba.

Basakkwace a Teksas ya amsa:

Baba, ranka ya daɗe, ina neman izini in ɗan saɓa maka, ba don na fi ka sani ba, sai don na yi amfani da duka biyun a nan inda doka ta ba ni dama. Maganar tocila ba ni da ja a kanta ko kaɗan. Amma ina ganin an rage wa leza haƙƙinta.

Saitin ƙarfe, ko mai ƙyalli ne ko marar ƙyalli, yana neman mutum ya ɗauke idonsa daga wanda ke shirin kashe shi ya mayar da shi kan ɗan ƙarfen da ke bakin bindiga. A filin koyo wannan mai yiwuwa ne. Idan tsoro ya kama mutum kuwa, idonsa manne wa abokin gaba yake yi, musamman hannunsa, kuma leza tana sa alamar a daidai wurin da idon ya riga ya tsaya. Na biyu, wanda ya haura shekara 40 yakan fara kasa ganin abin da ke kusa da kyau, irin mutanen da ke nesanta takarda kafin su karanta. Irin wannan ido yana ganin saitin gaba dishi-dishi, ɗigon tiritiyam ya zame masa wani bazazzen haske, alhali ɗigon leza da ke can nesa yana ganinsa tsaf.

Na uku shi ne aikin ɗan'uwanmu da kansa. Mai rakiya sau da yawa hannunsa ɗaya yana kan wanda yake karewa, yana danne shi ƙasa ko yana tura shi cikin mota, kuma yana iya samun kansa a kujerar mota ko a kwance bayan ya faɗi, inda ɗaga bindiga zuwa ido ba zai yiwu ba. A nan leza ba ta da abokin takara. Maganar makunni ma an daɗe da samun mafita, domin kamfanin Crimson Trace, wanda aka kafa a jihar Oregon a 1994, ya yi suna ne da mariƙin da ke kunna leza da kansa da zarar an damƙi bindigar yadda ya kamata. Tana kuma koyar da mutum ko babu harsashi: a tabbatar bindiga ba komai a cikinta, a auna bango, a ja kunama a hankali, duk wata rawar hannu ɗigon zai tona ta.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne abin da matasa ke ɗauka daga fina-finai, cewa mugu yana ganin jan ɗigo a rigarsa zai zubar da makami. Mai kawo hari da dare ba rigarsa yake kallo ba. Haka nan leza tana zaune ne a ƙarƙashi ko a gefen bututun bindiga, don haka layinta da hanyar harsashi a nisa ɗaya kawai suke haɗuwa, kuma bugu ko faɗuwa na iya karkatar da ita ba tare da mai ita ya sani ba.

Barista Hajiya ta amsa:

Ƙanena mai tambaya jami'i ne, amma masu karanta wannan zaure ba duka jami'ai ba ne, kuma na san halin da mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah suke ciki ya sa da yawa suna tunanin neman makami. Wajibi ne in fayyace doka, kada wani ya karanta bayanin ɗan'uwanmu na Amurka ya zaci haka abin yake a nan. A Teksas, tun daga Satumban 2021, mafi yawan waɗanda suka kai shekara 21 suna iya ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. A Nijeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, kuma ƙananan bindigogi, wato fistol da libarba, suna cikin rukunin farko, na haramtattun makamai, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta tana rukuni na biyu, wanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsa, adaka kuma tana na uku, a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga ba bisa ƙa'ida ba yana farawa ne daga ɗaurin shekara goma. Kiran da gwamnatin Zamfara ta yi a 2022 cewa jama'a su nemi bindiga don kare kai bai sauya wannan ba, domin makamai suna cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka.

Kai kuma ƙanena, ka yi daidai da ka bi ta hannun shugabanka. Bindigar aiki dukiyar gwamnati ce, kuma jami'in da ya sauya mata saiti ko ya ɗaura mata na'ura da kansa ya buɗe wa kansa ƙofar tuhuma ranar da wani abu ya faru. Shigo da kayan da suka danganci makamai ma yana buƙatar takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, don haka ba abu ba ne da za a ce wani ɗan'uwa ya saƙo a jaka.

Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda da amfani da ƙarfi don kare rai, amma gwargwadon abin da ya zama dole a hankalce. A gaban alƙali, tambayar da za a yi wa jami'i ita ce me ya gani kafin ya harba, kuma yaya aka yi ya gan shi cikin duhu. A wannan fuska ina goyon bayan Baba kan tocila. A kuma sani cewa ɗora wa mutum ɗigon leza daidai yake da nuna masa bakin bindiga, ba hanyar gargaɗi ba ce da za a yi wa direba a shingen bincike.

Ɗan Mabera ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan sa tocila a gaba, saitin dare ya biyo baya. Maganar yayanmu na Amurka game da ido ta tsaya mini, domin akwai manya biyu a sashenmu da ke sa tabarau kafin su karanta takarda. Baba, shin a nema musu leza su kaɗai? Sannan na ga wasu saitin ɗigo uku ne masu launi ɗaya, wasu kuma na gaban ne kawai ke ƙyalli. Wanne zan rubuta?

Baba Mai Ritaya ya sake amsawa:

Ɗana na Amurka ya faɗi gaskiya a kan ido, kuma a kan wanda ke harbi daga kujerar mota ma ban musa ba. Idan za a samu, a nema wa manyan nan biyu leza, ƙari a kan saitin dare, ba a madadinsa ba, kuma da sharuɗɗa a rubuce. A sauya batir a ranakun da aka tsayar, ko ya mutu ko bai mutu ba. Duk lokacin da jami'i ya karɓi bindiga daga ɗakin makamai, ya auna wurin da aka keɓe don haka ya tabbatar ɗigon yana zaune a kan saitin gaba. A kuma saya musu kuben da aka yi domin bindiga mai leza, kada a tura ta cikin wanda bai dace da ita ba, domin kuben da bai rufe kunama da kyau ba haɗari ne ga mai shi.

Game da ɗigo uku masu launi ɗaya da girma ɗaya, ba na son su. Na baya sun fi kusa da ido, don haka sukan rinjayi na gaba, kuma cikin gaggawa mutum na iya jera su uku a layi alhali na gaban yana waje ta hagu ko ta dama, harsashi ya tafi wani wuri dabam. Ka rubuta cewa na gaba ya zama kore mai ƙarfi da farin zobe ko mai ruwan lemo a kewaye domin rana, na baya kuma ya zama baƙi zalla, ko mai raunin haske da wani launi. Mai kula da makamai ne zai sa su, da na'urar da ke tura saiti a hankali, domin guduma tana fasa bututun gilashin. Bayan an sa, kowane jami'i ya harba bindigarsa a nisan mita 10 da mita 25 a ga inda harsashi ke sauka, saboda tsayin sabon saiti ba lallai ya zo ɗaya da na tsohon ba. Ka roƙi a ba ku filin harbi ko sau ɗaya bayan magariba, da tocila a hannu, a kuma shigar da shekarar ƙirar kowane saiti a littafin ɗakin makamai kusa da lambar bindigar.